Tahiru Rezo da Mabuɗin Odinater Goma

Duk wanda ya zauna Filinge a shekarun nan ya san Tahiru Rezo, in bai san shi da ido ba to ya san shi da kunne, don mutum ne da ba ya iya sayen goro sai ya yi wa mai goro bayanin yadda ake ciniki a Yamai. Ya taɓa zama Yamai, wannan gaskiya ne. Abin da ya yi a can shi ne sayar da rigunan waya a ƙofar wani shagon intanet. Amma da ya dawo gida sai ƙofar ta ɓace daga labarin, ya zama shi ne ya riƙe shagon, daga baya ma shi ya gina shi. Ni maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ta raba mu, saboda haka na sha labarin nan har ya fita raina.

To, ana nan sai ƙungiyar manoman gero ta garinmu, wadda ake kira Albarkar Gero, ta samu taimakon odinater goma, wato kwamfuta. Ɗaya ta biro ce, wato ofishin ƙungiyar, a nan Filinge, tara kuma na rassan ƙungiyar ne, daga Bonkuku har Damana. Tare da su aka kawo moto, wato babur, sabo fil, ja, ko ledar sirdinsa ba a ɓare ba, aka ce na wanda zai riƙa zagayawa yana duba na'urorin ne. Tahiru ya ga moton nan ta taga, ranar bai ci tuwo ba. Ya bi shugabar ƙungiyar, Hajiya Basiratu, daga biro zuwa gida, daga gida zuwa gidan suna, yana ba ta labarin Yamai, har ta gaji ta ce a ba shi gwaji.

Wadda ta kawo kayan daga Yamai wata ce Madam Anisa. Ta zaunar da Tahiru a gaban Hajiya, ta miƙa masa takarda guda mai ɗauke da dogon layin baƙaƙe da lambobi.

"Wagga ita ta lisans, takardar izini," in ji ta. "Layin ga shi na kile, mabuɗin da ka buɗe aikin rubutu da lissahi cikin odinater. In ba a sa shi ba, kwana kaɗan aikin shi kulle. Kile guda na, amma odinater goma anka biya mishi. Goma, Malam Tahiru. Kamfanin da yay yi shi yana ƙirgawa daga can ta rezo, wato intanet."

"Madam, ni za a koya ma kile? Sa'ad da nike Yamai..."

"Mun ji Yamai," Hajiya ta katse shi. "Ranar babban taro wakilai za su zo daga ƙauyuka. In sunka ga goman ga na aiki, moto naka na. In ba su gani ba, ƙahwahun da sunka kawo ka su za su maishe ka."

Washegari Tahiru ya sayi hular kwano, ja ita ma don ta dace da moton. Ba shi da ko keke, amma ya fara yawo da ita a ka. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zama wurin mai shayi, sai dai ya ɗaga gilashin ya kurɓa ya mayar. A ƙofar masallaci kaɗai yake cire ta, ya ajiye ta kusa da takalma yana waiwayenta.

Ya sa mabuɗin a odinater ta biro, ta karɓa, ta nuna alama kore. Nan dabara ta faɗo masa. Sauran taran nan ba zai taɓa su yanzu ba. Zai bar su cikin kwalayensu sai ranar taro, ya jera su a gaban jama'a, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana kallo, ya hau moto ana tafi. Me ya fi wannan?

Sai dai akwai wata al'ada a garinmu da ta shiga tsakani. Mu nan ba a hana wuta. Mace ta tashi da safe ta tarar murhunta ya mutu, sai ta ɗauki murfin tukunya ta leƙa maƙwabta ta ɗebo garwashi, ko da jiya sun yi cacar baki. Ba a neman izini mai tsawo, ba a doguwar godiya, don mai murhu ba abin da ya ragu a wurinta. Wanda ya hana wuta kuwa, jikokinsa ma sai sun ji gori.

Nafi'u mai fotokopi, wanda shagonsa ke bakin tasha, shi ya fara zuwa. Odinater ɗinsa da kayan aikin sata marasa lisans take aiki, kullum sai ta tsaya tana masa gargaɗi a tsakiyar aikin mutane.

"Injiniya, an ce an kawo maka kile daga Yamai."

Ba a taɓa kiran Tahiru injiniya ba sai ranar. Ya ɗaga gilashin hula a hankali.

"Na ƙungiya na, Nafi'u. Amana ta."

"Wa yac ce ka ba ni takardar? Wuta niz zo ɗiba, ba murhu za ni ɗauka ba. In ni ɗiba, taka raguwa takai?"

Maganar ta shige Tahiru. Ya bi Nafi'u shago, ya buga layin, odinater ta nuna kore. Ya fito da takardar ya bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko guda bai ɓace ba. Ya ruga biro ya duba tasu, tana nan tana aiki lafiya lau. Daga nan ya tabbata ƴan Yamai ba su san kan abin da suke sayarwa ba. Shirinsa kuma ya ƙara faɗi, ya ce ba ƙungiya kaɗai ba, shi ne zai zama mutumin da ya kunna ƙasarmu ta Kurfey gaba ɗaya.

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga gari. Mai kantin magani ya ɗibi wuta. Mushe Abdulƙadir, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ɗiba. Mai rubuta wa mutane takardun neman aiki ya ɗiba, mai ɗaukar hoto ya ɗiba, ya kuma kawo ta surukinsa. Duk wanda ya zo, Tahiru ya buga masa, kore ya fito, ya fiddo takarda ya nuna wa ƴan kallo cewa baƙaƙen suna nan cif.

Ranar kasuwa abin ya wuce odinater. Amadu, wani makiyayi daga wajen Damana, ya zo da ƙwaryar nono a hannu ɗaya, fitilar sola a ɗaya.

"An ce kana da karatun da ka tada na'ura. Wagga tun da saniya tat taka ta ba ta sake haske ba."

Mai hankali da ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Tahiru ya karɓi fitila, ya karanta mata layin daga farko har ƙarshe da murya irin ta mai shela, ya buga ta da tafin hannu. Wayar da ta saki a ciki ta koma wurinta, fitila ta kama. Ni ina wurin, kuma na rantse na so ƙasa ta tsage in shige, don na san daga ranar ba mai sake jin maganar kowa a garin nan sai tasa. Inna Husaina ta aiko da keken ɗinkinta a kan amalanke. Wani tsoho ya kawo agogon bango.

Da jama'a suka yi masa yawa, sai ya ɗauki gawayi ya rubuta layin da manyan baƙaƙe a bangon tasha, saman teburin mai shayi, ya ce kowa ya ɗibi rabonsa. Sule direba, mai motar da ke jigila tsakanin Filinge da Yamai, ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon.

"Injiniya, mutanen Baleyara da ke kan hanyar Yamai hwa? Su ba bayin Allah ba na?"

"Kai musu, Sule. Lada ta."

Sule ya kira mai fenti ya sa aka rubuta mabuɗin a bayan motarsa da ruwan ɗorawa, ƙarƙashin inda aka rubuta addu'ar sauka lafiya, aka ƙara da cewa kyauta ce daga Injiniya Tahiru na Filinge. Mota ta kama hanyar Yamai, duk wanda ke bayanta yana ɗaukar hoto da waya.

Ba a daɗe ba wuta ta fara ƙin kamawa. Wani ya zo ya ce ya buga layin, odinater ta ce masa a'a. Tahiru ya ce rezo ne ya yi rauni, ya hau tudu ya gwada. Na biyu ya zo, ya ce masa na'urarsa ta sha sanyi, ya shanya ta a rana. Na uku ya shanya tasa har ta yi zafin da ba a iya taɓawa, ya dawo da ita a cikin buhu yana huci, Tahiru ya tambaye shi ko da alwala ya buga. A gida kuwa matarsa Haske tana tankaɗe ta ce da shi ta gefen baki:

"Malam, ni dai na ji kamar matar nan goma tac ce."

"Haske, ke tukunya kinka sani, ni rezo nis sani."

"To Allah shi ba da sa'a. Ka dai cire hular ga in za ka ci tuwo, yara na tsoro."

Ana jibi taro Madam Anisa ta kira shi. Yana wurin mai shayi, saboda haka ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji da wa yake hulɗa.

"Malam Tahiru, kamfani ya aiko mini da saƙo. Sun ce ana ta gwada kilenku daga wurare barkatai, har da wajen ƙasar ga. Mi ka hwaruwa nan?"

"Alhamdu lillahi, Madam, aiki na ci gaba. Sai kin zo." Ya kashe waya ya dubi jama'a. "Kun dai ji da kunnuwanku. Har ƙasashen waje an san da ni."

Ta sake kira, bai ɗauka ba, don yana gwada yadda zai ɗaga ƙafa ya hau moto da babbar riga, a kan bencin mai shayi.

Ranar taro aka kafa rumfa a ƙofar biro. Wakilai suka zo daga Bonkuku da Damana da ƙauyukan da ke tsakani, wasu a kan amalanke, wasu a ƙafa, kowa da niyyar komawa da odinater ɗin reshensa don a fara rubuta sunayen masu karɓar iri kafin ruwa ya sauka. Aka jera na'urori tara a kan tebura. Aka rataya farin zanen gado, aka haska fuskar odinater a kansa don na baya su gani. Moto kuma aka fito da shi aka tsayar a gefe, an ɗaura masa kyalle. Tahiru ya fito cikin babbar riga da hular kwano, ya yi jawabin da ya fara daga ranar da ya sauka Yamai, har sai da Hajiya Basiratu ta buga sandarta a ƙasa.

Ya zauna gaban ta farko, ta reshen Bonkuku. Bai ko dubi takarda ba, ya buga layin da ka. Zanen gado ya nuna jan rubutu.

"Mushe, mi tac ce?" Hajiya ta tambayi Abdulƙadir.

Mushe ya gyara tabarau. "Ta ce wanga kile ba shi karɓuwa."

"Gaisuwa ta," in ji Tahiru. "Haka sukai in suna sabbi."

Ya koma ta biyu, ja. Ta uku, ja. A ta huɗu ya sunkuya ya hura mata iska ta gefe, yadda ake hura garwashi, har gilashin hularsa ya yi gumi. A ta biyar ya juya ta ta fuskanci gabas. Wakilin Damana, wani dattijo da ya kwana a hanya, ya tambaya ko za a daɗe, don jakinsa bai sha ruwa ba.

"Waɗanga ƴan ƙauye na, kunya suka ji," Tahiru ya ce. "Bari in kawo babbarsu su gani su koya."

Ya shiga biro ya ɗauko odinater ɗin da ke aiki tun farko, ya haɗa ta da zanen gado, ya haɗa ta da rezo. Ta yi ɗan tunani. Sai fuskarta ta koma baƙa ƙirin, wani dogon rubutu ya fito a tsakiya.

Mushe ya karanta a ransa, ya dubi Tahiru, ya dubi ƙasa.

"Karanta muna," in ji Hajiya.

"Ta ce an toshe kilen ga saboda an baza shi ga waɗanda ba su da izini. Ta ce kayan da ke cikinta yanzu ana ɗaukar su na sata. Ba a rubutu, ba a ajiyewa, sai an kawo lisans na gaskiya." Ya cire tabarau. "Hajiya, in haka na, tawa ma ta tahi, kuma jarrabawar yara duk tana ciki."

Kamar ya kira su. Nafi'u ya ɓullo daga tasha da odinater a ka, bayansa wata mata tana bin sa da faɗa saboda katin bikin ɗiyarta ya tsaya a sunan ango. Mai kantin magani ya zo, mai hoto ya zo da surukinsa. Duk wanda ya ɗibi wutar nan ranar ta ƙone shi, suka kewaye rumfa kowa na faɗin tasa. Amadu kaɗai ya tsaya wa Tahiru, ya ɗaga fitilarsa da rana tsaka ya ce shi dai tasa tana ci.

Ana cikin haka motar Sule ta iso daga Yamai. Don ya burge taro, ya juya ta ya yi baya-baya har bakin rumfa, ruwan ɗorawan nan ya fuskanci jama'a. Ƙofa ta buɗe, Madam Anisa ta sauko. Ashe a tashar Yamai ta ga rubutun, ta kuma zauna a motar tun daga can tana haɗiye magana.

"Malam Tahiru, nawa nic ce maka?"

"Goma, Madam. Amma ki duba." Ya fiddo takardar. "Ga ta nan, ko baƙi guda bai ragu ba. Wuta ta. Mu nan Kurfey ba mu hana maƙwabci wuta."

"Ba wuta ba ta. Kamar mota ta mai wurin mutum goma. In goma sunka shiga, an rufe ƙohwa."

"A'a, Madam," Sule ya sa baki. "Wagga tawa wurin tara gare ta, kuma yau da ke mu sha tara munka zo, ban da awaki."

Jama'a suka goyi bayan Sule, don kowa ya taɓa shiga motar. Tahiru ya ɗan miƙe, ya ga kamar zai tsira. Kafin Madam Anisa ta amsa, Hajiya Basiratu ce ta tashi, ta dogara sandarta.

"Ni na gane. Iri na anka ba ka, tiya goma don gona goma. Ka shuka guda, ka rabad da tara a tasha, sannan ka kira gayya ka zo muna da buhu wayam." Ta juya wurin Madam. "Yanzu mi a magani?"

"Sai an sayi sabon lisans, Hajiya. Wanga ya mutu, kuma masu taimako ba su biya sau biyu."

Hajiya ta juya a hankali ta dubi moto. Wakilai suka bi idonta suka dubi moto. Tahiru ma ya duba, kuma a nan ne na ji tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da na daɗe ina ji.

"Hajiya, ko sau guda ban hau shi ba."

"Shi ya sa za ya yi tsada."

A wurin aka yi cinikinsa. Wanda ya saya kuwa Nafi'u ne mai fotokopi, wanda ya fara ɗibar wuta, ya ce dama yana neman abin zuwa Yamai ya sayo lisans nasa na kansa. Aka ba Tahiru bokiti da tsumma ya wanke bangon tasha, aka ce kuma shi zai kankare bayan motar Sule. Haka ya yi aikin nan da hular kwano a ka, gilashi a rufe, wannan karon don kada a ga fuskarsa. Wakilai suka koma gida hannu wofi, sai mako na gaba Madam Anisa ta dawo ta buɗe goman da hannunta, ta ba Hajiya takardar ta ƙulle a bakin zane.

Washegarin taron da safe ina shara a ƙofar gida sai ga Nafi'u a kan jan moto, ya tsaya a bakin dangar Tahiru ya yi sallama. Tahiru na zaune a tsakar gida, hular tana rataye a ƙusa jikin bango.

"Injiniya, Yamai za ni, kuma jandarma na kan hanya. Hula niz zo ɗiba."

Tahiru ya buɗe baki zai ce wani abu. Kafin ya samo shi, Haske ta ajiye muciya, ta sauke hular daga ƙusa, ta share ta da gefen zane, ta miƙa wa Nafi'u ta saman danga.

"Tahi da ita, Nafi'u. Malam ya ce mu nan ba mu hana maƙwabci."

Moto ya tashi, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace. Tahiru ya daɗe yana kallon ƙusar nan. Wannan karon bai buƙaci ya bi da yatsa ba, daga inda yake zaune ya ga abin da ya ragu.